Amaryar Dattijo

Yayata ta haura shekara sittin kafin ta fara dalilin aure, kuma wanda ta nema wa matar ɓera ne. Ba habaici nake yi ba. Ɓera mai jela da gashin baki, launin ƙasa, wanda take kira Dattijo. Shi kaɗai ya rage daga wani dangin ɓeraye da ta yi shekara ashirin tana kiwo a cibiyar binciken da take aiki. Ga shi ya tsufa, ga ita ritaya na jiranta a ƙarshen shekara. In ya mutu bai bar baya ba, aikin rabin rayuwarta ya bi shi. Ni kuwa tela ce, babu abin da ya haɗa ni da kimiyya, kuma ina tsoron ɓera kamar me. Amma a gidanmu in Yaya ta ɗebo da zafi, bakina ake kai wa.

Ba da ɓera ta fara ba, da iska ta fara. Bayan ta gama jami'a aka ba ta wani fili a bayan gari, mai ciyawa da 'yan bishiyoyi, aka ce ta auna numfashinsa. Ni ma da na ji haka dariya na yi. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani kamar 'yar firamare: iskar nan da muke fitarwa in mun yi numfashi, wadda ake kira kabon, ciyawa na shaƙe ta da rana, ƙasa kuma da saiwoyi da ƙwarin da ke cikinta suna fitar da ita ba dare ba rana. Aikinta shi ne ta gano wanne ya fi yawa, abin da filin ya shaƙa ko abin da ya fitar.

Kayan aikin wani akwatin roba ne mai haske, marar gindi. Ta kifa shi a kan ciyawa, tiyo ya tashi daga jikinsa zuwa wata na'ura, layi ya riƙa hawa ko sauka a fuskar na'urar. Mahaifiyarmu ta je gani sau ɗaya, ta tsaya ta riƙe haɓa, ta ce, "Yanzu duk karatun nan da aka sha wahala a kai, ki ƙare a kifa wa ciyawa kwano?" Ba ta sake komawa ba, amma har ta rasu in an tambaye ta aikin 'yarta sai ta ce likita ce, ta kawar da zancen.

Ni na ɗinka wa akwatin riga. Baƙar riga mai kauri, don in an rufe shi haske ba zai shiga ba, ciyawa ta daina shaƙa, a ji numfashin ƙasa zalla. Sau uku Yaya na dawo mini da ita, wai haske na shiga ta ramin allura. Na yi wa amare ɗinki, na yi wa masu tsirfa iri-iri, ban taɓa samun mai fitina irin akwatin nan ba.

Kuma aikin yana da doka: ba a numfashi kusa da akwati. Numfashin mutum ɗaya ya isa ya ɓata awon. Duk wanda ya kai mata ziyara sai ta jiƙa yatsa ta ɗaga, ta ji inda iska ke kaɗawa, ta nuna masa inda zai tsaya can nesa, kuma ya kama bakinsa. Maneman aurenta ɗaya bayan ɗaya suka gaji suka watse. Wani mai gyaran agogo ne kaɗai ya jure, ya yini a tsaye a rana bai ce uffan ba. Da na tambaye ta me ta gani a jikinsa, ta ce shi ne namiji na farko da bai ɓata mata awo ba. Har yau suna tare, kuma har yau ban tabbata ya taɓa gama jimla a gabanta ba.

Ta yi shekaru a filin nan, ta yi baƙi, ta rubuta takardun da mutanen wasu ƙasashe ke karantawa. Sai wata rana layin na'ura ya haukace, ya riƙa hawa sama kamar an kunna wuta a ƙarƙashin akwatin. Ta duba tiyo, ta duba batir, ta harari mijinta da ke can nesa yana cin gyaɗa. Da ta ɗaga rigar, sai ga ɓera zaune a ciki yana wanke fuska.

Wani zai kore shi ne ya ci gaba da aikinsa. Yaya ba ta yafe wa wanda ya ɓata mata awo. Ta ce tunda ya shigo, sai ta san iyakar abin da yake fitarwa, don ta cire shi daga lissafi. Ta ɗana tarkuna, ta kama ɓerayen filin, ta riƙa saka su a akwati ɗaya bayan ɗaya. A nan ta ga abin da ya hana ta sakat: yawancinsu iska ɗaya suke fitarwa, amma wasu 'yan kaɗan nasu bai kai na sauran ba ko kusa. Lafiyarsu lau, girmansu ɗaya da 'yan uwansu, sai dai jikinsu na ƙona abinci a hankali, kamar murhun da aka rage wa wuta. Ta sa musu suna Malalata. Ta haɗa Malalaci da Malalaciya, aka haifi Malalata. Ta ce to, gado ne.

Haka ta bar filinta, tana da shekara arba'in, ta koma aji ta zauna da sa'o'in 'ya'yanta tana koyon ilimin ƙwayoyin halitta, wato ɗan rubutun nan da ke cikin jini da tsoka wanda iyaye ke miƙa wa 'ya'ya. 'Yan ajin suna ce mata Mama, malaman kuma suna jin nauyin gyara mata kuskure. Na ce, "Yaya, mutane na tashi daga ƙasa su hau sama, ke kin tashi daga bishiya kin koma ɓera." Ta ce ai duk numfashi ne.

Burinta ɗaya: ta gano ainihin wurin da ke cikin rubutun nan wanda ke sa Malalata su zama Malalata. Ba ta taɓa cewa za ta haɗa magani ba, ko da yake ni na sha yi mata talla a shagona cewa maganin ƙiba ko na rama take nema, ya danganta da wadda nake aunawa. Ita dai so take ta sani. Shekara da shekaru tana matse wurin, daga babban yanki zuwa ƙarami, kamar mai neman allura da ta san ɗakin da ta faɗi amma ba ta san kusurwar ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne auren zumunci. Don kada halin ya ɓace, Yaya ba ta taɓa bari Malalaci ya auri bare ba. Ɗan wa da 'yar ƙani, kai har abin da ya fi haka kusa. Tun ana haihuwa da yawa, aka koma kaɗan, aka koma ɗaya-ɗaya. Sai wata mura ta shiga ɗakin ta yi shara. Da aka wayi gari babu kowa sai Dattijo.

Ɗalibarta, wata yarinya mai natsuwa da muke kira Doguwa, wadda za ta gaji ɗakin, ta ce ai suna da naman dangin duka a firiza. Yaya ta ce nama a firiza ba ya numfashi. Aka gwada kawo masa fararen ɓerayen da ake saye don gwaji, ashe ba jinsinsu ɗaya ba, ko kallon arziki ba su yi wa juna ba. Saura hanya ɗaya, a koma inda kakanninsa suka fito a nemo masa mata.

Ta zo shagona da rana tsaka, ta zauna a kan yadin mutane, ta ce, "Ƙanwata, rufe shagon nan ki raka ni."

Yaya ba ta ce mini ƙanwata sai tana son wani abu. Na ce, "Ina Doguwa?"

"Tana gadin Dattijo."

"Mijinki fa?"

"Bayansa ya riƙe."

"Ni kuma nawa na ƙarfe ne?"

"Ke dai kin iya magana da mutane," in ji ta. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne yabo mafi girma da ta taɓa yi mini, don haka na ɗauki mayafina.

Rabonta da filin tun da ta bar shi. Muka sauka daga mota, ta tsaya tana dube-dube, ta ce direba ya yi kuskure. Bai yi ba. An shafe wurin da kankare daga wannan gefe zuwa wancan, an gina wani ƙaton sito na shinkafa da taliya, manyan motoci na shiga suna fita. Babu ciyawa, babu bishiya ko ɗaya. Yaya ta taka kankaren da ƙafa sau biyu, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ce, "Nan ne wurin da ya fi ko'ina numfashi bayan ruwan sama." Na ji tausayinta sosai, har na rasa abin tsokana.

Mai gadin siton wani dattijo ne mai sanda da rediyo. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na yaba rediyon, sannan na ce mun zo neman alfarma, muna son ɓera mace, matashiya, mai lafiya.

Ya rage muryar rediyon. Ya ce, "Hajiya, asiri za ku yi?"

Na ce ilimi ne. Yaya ta fara yi masa bayanin iskar kabon, na taka mata ƙafa. Ya dube mu sama da ƙasa, tsofaffin mata biyu da jakar tarkuna, ya ce shi dai in ɓera ne ga su nan kamar ƙasa, mu kwashe har da na gobe, amma ba ya da hanyar sanin mace da namiji, don bai taɓa tsayawa gaisawa da su ba.

A bayan siton akwai inda kankare ya tsage a gindin katanga, 'yar ciyawa ta leƙo. Nan muka jera tarkunan, irin masu rufewa ba tare da sun ji wa dabba ciwo ba, da gyaɗa a ciki. Yaya na nuni da yatsa, ni ina durƙuso. Washegari da safe muka dawo. Tarko na farko gafiya, na biyu ƙadangare, na uku namiji. A na ƙarshe muka samu wata 'yar siririya mai manyan idanu, irin jinsin Dattijo sak. Ni aka ba wa riƙon akwatin a mota. Duk motsin da ta yi sai na karanto abin da ya zo bakina, Yaya kuwa tana leƙa ta tana ce mata sannu.

To a nan ne Yaya ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Akwai doka a ɗakin, ita da kanta ta kafa ta kuma ta sha korar ɗalibai a kanta: dabbar da aka kamo daga waje sai ta zauna ita kaɗai wajen wata guda, a tabbatar ba ta da cuta kuma ba ta zo da ciki ba. Amma a 'yan kwanakin nan Dattijo ya fara barin abinci, yana tafiya yana hutawa. Likitan dabbobi ya duba baƙuwar ya ce ba ya ganin cuta. Doguwa ta ce, "Malama, sauran sharaɗin fa?" Yaya ta ce babu lokaci, ta buɗe kejin Dattijo ta saka ta.

Na ce, "Yaya, ko idda ba za ta yi ba?"

Ta ce in fita mata daga ɗaki.

Abin mamaki, Dattijo ya farfaɗo. Ya koma cin abinci, ya riƙa gyara shimfiɗa, har ya hau ɗan keken juyi da ya shekara bai kalla ba, ya yi zagaye ɗaya ya sauko yana haki. Amarya ta fara ƙiba. Yaya ta fara waƙa a ɗakin girki, abin da mijinta ya ce bai taɓa ji ba, kuma ya roƙe ni in yi mata magana ta daina.

Ranar da Doguwa ta kira ni ta ce an haihu, na rufe shago na taho da lemo da biskit. Na tarar da su biyu a tsaye gaban keji, babu mai murmushi. 'Ya'ya biyar, jajaye, kamar 'yan yatsu. Na ce barka, na ce arziki ya sauka. 

Doguwa ta ja ni gefe ta ce, "Anti, cikin ɓera wajen mako uku yake yi. Ba su kai haka tare ba."

Na ce, "Ko bakwaini ne?"

Yaya ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Dubi girmansu."

Duk da haka ta yi gwajin jini, don Yaya ba ta yanke hukunci da ido. Sakamako ya fito, babu ɗigon Dattijo a jikin ko ɗaya. Amarya da guzurinta ta zo. Ni dai na ci biskit ɗina, na riƙe abin da ke bakina, kuma Allah ya sani riƙon ya yi mini wuya. Shi kuwa Dattijo ko a jikinsa. In uwar ta tashi cin abinci sai ya kwanta a kan 'ya'yan yana ɗumama su, yana lashe su, wanda ya gangaro ya ɗauko shi a baki ya mayar. Yaya ta ce da an yaye su za a sake gwadawa. Ba a kai ga yaye ba. Wata safiya Doguwa ta same shi a kusurwar keji, ya miƙe.

Yaya ba ta yi kuka ba. Ta saka shi a firiza tare da danginsa, ta rubuta lambarsa a jikin robar, ta wanke hannu. Ta daina zancen aiki, ta fara kwashe littattafanta a kwali. Da ma ta yi faɗa ko ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

A makonta na ƙarshe na je taya ta haɗa kaya. Tsohuwar na'urar nan ta fili tana nan, ita take auna ɓerayen da ita duk shekarun nan, kuma tana da halinta, sai an buga mata gefe take tashi. Yaya ta ce bari ta nuna wa Doguwa yadda ake lallaɓa ta. Ana bukatar wanda za a saka a akwati, ga kuma 'ya'yan Amarya sun girma suna ta tsalle, ba su da aikin yi. Doguwa ta ɗauko ɗaya. Layi ya hau yadda na kowane ɓera ke hawa. Ta ɗauko na biyu.

Layin ya tashi a hankali, kamar mai ciwon gwiwa a kan matakala.

Yaya ta ce tiyo ya huje. Suka canza tiyo. Ta ce murfin bai zauna ba, suka danne shi. Ta buga wa na'urar gefe har sau biyu. Ta mayar da na farko, layi ya hau da gudu. Ta mayar da na biyu, ya sake jan ƙafa. Suka auna duka biyar, biyu daga ciki Malalata ne, kuma ba su haɗa komai da Dattijo ba. Uwar ma an auna ta, nata irin na kowa ne. Daga uban suka gado, wani da ke can bayan sito wanda ba mu taɓa gani ba.

Doguwa ce ta fara magana. Ta ce in aka gwada rubutun waɗannan da na dangin da ke firiza, duk inda suka bambanta a jefar, abin da ya rage ɗan kaɗan ne, a ciki abin yake. Aikin shekara ɗaya ne, ko biyu.

"Naki ne," in ji Yaya. "Ni ranar Juma'a zan ba da makulli."

Ta zauna a kan kwalin littattafai. Na zaci murna za ta yi, sai na ga fuskarta ta kasa zaɓa. Can ta ce, "Ɗauko mayafinki. Mu mayar da matar mutane."

Mai gadi ya gan mu tafe da akwati, ya miƙe. Da na gaya masa abin da ya kawo mu, ya ce ya shekara da shekaru a bakin ƙofar nan, an sha fita da kaya, an sha dawo da kaya, amma mu ne na farko da suka dawo da ɓera. Ya ce kada mu bari mai siton ya ji, ya koma ya ƙara muryar rediyonsa.

A gindin katangar Yaya ta durƙusa da kanta, ba ta nemi in taya ta ba. Ta buɗe akwatin. Amarya ta leƙo, ta shinshina iska, ta yi wuf ta shige tsagar. Yaya ta daɗe tana kallon ramin.

"Ko juyowa ba ta yi ba," in ji ta.

Na ce, "To me kike so, ta yi miki godiya?"

"Shekara ashirin ina tashi da su ina kwana da su. Ina auna musu abinci, ina auna musu sanyi. Na zaci in na saki hannu sun ƙare." Ta share ido da bayan hannu. "Ashe suna nan ƙarƙashin siminti suna ta aurensu, ba su ma san ina duniya ba."

Na tambaye ta daɗi take ji ko haushi. Ta ce duka biyun, kuma haushin ya ɗan fi yawa. Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ni ma na kama, muka yi ta yi a bayan siton mutane har wani direba ya leƙo ya koma. Da muka gama ta yi yunƙurin tashi, gwiwa ta ƙi. Ta miƙo mini hannu biyu, na kama, na ɗaga ta.